Kwana Ɗaya a Dumas

Hansatu ce ke riƙe da littafin lissafi,
ni kuma sitiyari.
Tun daga Houston take rubutu da jan biro:
fetur kaza, ƙanƙara kaza,
dala hamsin da biyar a Abilene
don kawai mu ɗora tayoyi shida a kan tsakuwa,
mu kwanta a gadonmu, cikin motarmu,
da bargon da muka zo da shi.
Ta ce, wannan kuɗin tsayuwa ne, Malam,
barcin ai namu ne.

Motar nan ta girmi autarmu da shekara biyu.
Tana da murhu, da makewayin da sai an shiga a karkace,
da firjin da ke yaji in ƙasa ba ta daidaita ba.
Mai kuwa, kada ka tambaya.
Ga Montana can gaba, inda jika ke jiran a raɗa masa suna,
nisa kamar ana janye ta da igiya.

Jiya a filin wani babban kanti muka kwana,
bayan na shiga na roƙi manaja, hula a hannu.
Fitilunsu ba sa mutuwa.
Wata tirela ta yi ta gurnani a kunnenmu har gari ya waye.
Na yi asuba tsakanin layuka biyu na farin fenti,
keken sayayya yana kallona.

A gidan mai na Amarillo
wata tsohuwa, Arlene, ta dubi lambarmu, ta dubi idona,
ta juya rasit ta rubuta:
Dumas, filin gari, kusa da layin dogo.
Nawa? Ta ɗaga kafaɗa ta tafi.

Mun iso da la'asar sakaliya.
Iska na ɗauke da warin garken da ba mu gani ba,
rumbunan siminti sun yi cirko-cirko a gefen gari.
Ga turakun lantarki a jere,
ga allo: dare ɗaya.
Ga akwatin ƙarfe mai ɗan tsagaggen baki, babu mai gadinsa.
Hansatu ta zagaya shi sau biyu.
Banza ba ta kai zomo kasuwa, in ji ta,
nemo inda suka ɓoye farashin.
Na soka waya. Fanka ta juya.
Ta yi shiru, ta ɗora tukunya.

Maƙwabcinmu Delbert, mai ƙaramar mota da labulen tawul,
ya shimfiɗa mini taswirarsa a kan bonet,
ta sha ninki har ta yi laushin tsumma.
Nan ƙasar gwamnati ce, mako biyu kyauta, amma tafi da ruwanka.
Nan 'yan sanda kan ƙwanƙwasa da ƙarfe biyun dare.
Nan akwai wanka, dala uku.
Na ce, ina ka nufa?
Ya ninke taswirar a hankali.
Tun da hayar ɗaki ta fi ƙarfina, in ji shi,
nan ɗin nake nufa, da irinsa.

Ya ci shinkafa da wake faranti biyu,
yajin ya sa shi hawaye, ko dai ba yajin ba.

Da dare jirgin kaya ya wuce,
kofuna suka yi ta haƙora a kan kanta.
Na ƙirga taragu tamanin da wani abu, barci ya sace sauran.

Da safe gurbin Delbert babu kowa,
sai ɗigon baƙin mai, da taswirar a maƙale a gilashinmu.
Hansatu ta taka har bakin akwatin,
ta ninke takardar dala ashirin, ta tura.
Ta dawo ta buɗe littafi,
biro a sama, tana neman layin da za ta sa shi.
Har muka wuce Stratford ba ta rubuta komai ba.