Littafin Kawu Namakka

Kawu ya bar wa 'ya'yansa gida da fadamar shinkafa,
ni ya bar mini Ƙadangaruwa:
ja, ƙofa biyu, cikinta na lasar ƙasa,
ta girme ni da shekara huɗu.
Ɗanjumma bakanike ya zagaya ta sau biyu,
ya goge hannu a wando, ya ce,
"Wagga ba mota ta ba, rijiya ta.
Kome ka zuba, ba ka ganin gindinta."

Allurar mai ta daɗe da mutuwa.
Tana tsaye a kan rabi tun ina firamare,
ko tanki ya cika ko ya ƙafe, maganarta ɗaya.
A aljihun gaba na tarar da ɗan littafi mai shuɗin bango,
boko da ajami a cakuɗe, duk tabon baƙin mai:
"Birnin Kebbi zuwa Yawuri, lita talatin da ɗaya
in ka bi ta a hankali.
Kada ka wuce tamanin.
Duba iskar taya a Kalgo.
Ka sauke ƙafa tun kafin gangara ta roƙe ka."

Na sha talatin da uku, don in fi Kawu wayo.
Na fita bayan asuba, ruwan daren jiya na kwance a kwalta.
Har Jega ina ɗalibi na gari,
tirelolin albasar Aliero suna wuce ni,
yaran mota na yi mini dariya daga saman buhuna.

Bayan Maiyama hanya ta miƙe.
Ban san sa'ad da ƙafata ta yi nauyi ba.
Wani gurnani ya taso daga ƙarƙashin kujera,
ya bi ta ƙashin bayana har ƙeya,
gonakin gero suka zama zare ɗaya kore.
Ɗari. Ɗari da ashirin.
Ina jin ta tana kwankwaɗa, ina jin albashina na tafiya,
ban ɗaga ba.

Tari biyu ta yi, na uku a hankali kamar mai neman gafara.
Ta mutu ana hango hasumiyar masallacin Koko.
Na tura, gumi har cikin takalmi,
allura na nan a kan rabi, ko kunya babu.

Wani tsoho ya taso daga gindin dogon yaro,
jarka a hannu, mazurari a ɗaya.
Bai tambaye ni kome ba.
Ya dafa bayanta yadda ake dafa jinjiri mai zazzaɓi.
"Tun daga can na ji kukanta. Ina mai ita?"
Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon kujerar direba.

Na nuna masa littafin, na ce na saɓa wa Kawu.
Ya yi dariya har mai ya zuba a yatsunsa.
"Talatin da ɗaya? Namakka?
Shekara goma sha tara, nan take mutuwa,
wani lokaci gaban wancan kwalbati, wani lokaci bayansa.
Bai taɓa kai ta Yawuri da man Birni ba.
Ya rubuta dai abin da ya so ya iya."

Na buɗe shafin ƙarshe, wanda ban kai ba.
"Hantsi mai jarka, Koko, yana bi na lita shida."
Na ƙirga kuɗin sha huɗu, ya karɓi na takwas.
Ya ce sauran tsakaninsu ne, ba ruwana.

Ta tashi a bugu na uku, da baƙin hayaƙi.
Na ɗauki biro, ƙarƙashin rubutun Kawu na sa kwanan wata,
na rubuta: "Kada ka wuce tamanin."
Saura tafiya kafin a ga kogi,
kuma hanyar, daga nan, a miƙe take.