Shaidu Huɗu a Kan Buhun Siminti

Ruwan Legas ya ɗauke da hantsi
aka turo tsohuwar Fijo mai zagayayyun fitilu
har bakin rumfarmu a Agege, tana tari, tana shiɗewa.
Alhaja Risikatu na biye, lema a hammata.
Motar mijinta ce. Shekara tara da rasuwarsa,
ta hana a sayar.

Oga Sallau bai yi tambaya ba.
Ya ce in miƙo sufana mai dogon wuya.
Muka zaro fulogi ɗaya bayan ɗaya,
ya jera su kan buhun siminti
yadda suke zaune a injin.

Na farko baƙi ƙirin, busasshe,
kamar gindin kaskon mai ƙosai.
Na biyu da na uku sun sha hayaƙi su ma.
Na huɗu fari fat, ya ƙone har baki,
ka ce toka ce ta kwana a murhu.

Na ce, Oga, in hau danfo zuwa Ladipo in sayo sababbi?
Ya dube ni ta saman gilashinsa:
Fulogi shaida ne, Ilu. Ba shi ya yi satar ba.
In ka kori shaida, ɓarawo na nan.

Kafireta ɗaya ce ke ciyar da su,
tukunya ɗaya, ludayi ɗaya,
yaya uku suka ƙoshi har amai
ɗaya na kwana da yunwa?

Ya tayar da ita. Ya ɗebo fetur a murfin kwalba,
yana ɗigawa a gefen gaskit, kunnensa a ƙasa.
Daidai na huɗu injin ya daga murya.
Nan ne. Iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya.
Wani bakanike can baya ya ji tana rawa,
sai ya buɗe wa mai ƙofa gaba ɗaya,
don a ƙosar da ɗaya aka shaƙe uku.

Alhaja ta jima tana kallon buhun.
Ta ɗauki farin, ta juya shi a tafinta,
ta ce da Hausarta ta Agege:
Nawa ma huɗu ne. Autan bai taɓa cewa komai ba.
Ta ajiye. Ba wanda ya tanka.

Muka yanka sabon gaskit, muka mayar da noti baya,
zagaye ɗaya da rabi, da ɗan ƙari.
Gwaji kuwa sai Lahadi da asuba,
don cunkoson garin nan kan baƙanta ko wane fulogi.

Mun hau doguwar gada, ruwa hagu da dama,
masunta na ja da koma a ƙasa.
Can ƙarshe Oga ya kashe ta tana gudu,
muka gangara gefe, na zaro su da tsumma, suna ƙuna.

Uku launin shayi da madara.
Na huɗun bai kai ba tukuna,
amma ya fara.