Farantin Gawayi

Tun Laraba ruwa bai ɗauke ba.
Jirgin fito ya iso Castro da la'asar,
da buhunan dankali, da tumaki biyu a jiƙe,
da akwatin sanyi mai sunana a marfi.
A ciki, tsinke ne guda mai kan auduga
da aka zura a hancin jaririya
can tsibirin Quehui, inda teku ke yanka wa likita ranar zuwa.

Takarda ta ce: Millaray Cárcamo, mako shida.
Tari, amai, leɓe ya yi shuɗi sau biyu.
Nas ta ƙara da biro a gefe:
ba ta shiƙa, numfashin ne ke ɗaukewa.
Na san wannan.
'Yan jarirai ba su da ƙarfin shiƙa,
shirunsu ya fi tarin tayar da hankali.

Na raba abin da ya zo gida biyu.
Rabi na ba na'ura, mai gaggawa ce,
tana ninka ɗan abin da ta tsinta
har ya yi yawan da ido zai gaskata.
Rabi na shafa a baƙin faranti,
gawayi da jinin doki, abincin wannan ƙwaya ke nan.
Tsirfa gare ta, ba kowace tukunya take ci ba.

Kafin tara na dare layi ya miƙe a allo.
Tarin shiƙa.
Na buga waya asibiti, na buɗe littafina.
Ita ce ta ashirin da uku a bana.
Bara war haka huɗu na rubuta,
har da sauran fili a shafin.

Saura mako biyu a yi mata allurar farko.
Uwar kuwa, ranar tata allurar ta masu ciki
teku ya tashi, jirgi bai fita ba,
daga nan aikin gona ya ci sauran kwanakin.

Jumma'a wani tsinken ya biyo baya:
Baldomero Cárcamo, kakanta, sittin da takwas.
Wata biyu yana tari yana ɗora wa sanyin kwalekwale.
An yi masa allura yana yaro, ya rantse,
ya tuna ma alawar da aka ba shi.
Gaskiya ya faɗa.
Garkuwa ce ke sanyi da shekaru
kamar shayin da aka manta a taga.

A kasuwar kifi na ji wata na cewa
to ina amfanin allurar?
Ban tanka ba, hannuna da ƙullin albasa.
Amma rufin katakon gidanmu ma yana yoyo in ya daɗe,
babana bai taɓa cewa rufi banza ne ba,
tsani yake ɗauka.
Kuma littafina ba ya ƙarya:
waɗanda aka sa wa bututun iska,
kusan duk katinsu fari ne fat.

Kwana biyar farantin ya yi magana.
Ɗigo ƙanana masu sheƙi kamar zaiba,
kyawawa, abin haushi.
Na ɗaga su a fitila na daɗe ina kallo.

Da zan tashi na iske tsohon a baranda,
takunkumi a fuska, hular ulu a gwiwa.
An cire wa yarinyar bututu da safe, in ji shi,
ta kama nono.
Sai ya dube ni. Ni ne, ko?

Shekara goma sha tara ina rubuta e ko a'a,
wannan kam babu gurbinta a takarda.
Na ce, kai ma wani ne ya ba ka.
Na ce, ka shanye maganin har ƙarshe,
ka turo duk mutanen gidan gobe.

Ya lissafa su da yatsu, bakwai,
ya tambaye ni ƙarfe nawa jirgin safe.