Wake a Gwangwani

Ajinmu ɗakin ajiya ne a dā,
a bayan majami'a, nan Kaltungo,
inda matan zumunta ke jingine tulunan kiɗa.
Muka share, muka shimfiɗa tabarmi uku,
muka rataye tsohon wilin mota a reshen dogonyaro,
shi ne ƙararrawa.

Yara ashirin da huɗu.
Ashirin da uku kamar jan baki a gonar gero,
na cikon kuwa Kefas.

Shekararsa uku da rabi.
Kakarsa ke kawo shi, da robar kunun gyaɗa a hammata,
uwar tana aikin jinya a Gombe, sai ƙarshen wata.
Tun Satumba bai ce mini uffan ba.
In muka tafa, sai ya duba tafin hannunsa.
In muka rufe ido za mu yi addu'a,
nasa a buɗe, yana bin ƙadangare a bango.

Na yi lallashi, na yi alawa, na yi 'yar tsana.
Na kai kuka wurin Mama Briskila, matar fasto,
tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba,
ta ce, "Afiniki, ba a fasa ƙwai don a gaida ɗan tsako."
Bakina ya ce to.
Cikina bai ce ba.

Da bazara ta kama, Dutsen Kilang na rawa cikin zafi,
na ce kowa ya zo da gwangwanin madara.
Muka huda gindi da ƙusa, muka cika da ƙasa,
kowa ƙwayar wake ɗaya,
muka jera a taga kamar mawaƙa ranar Lahadi.

Na Keziya ya leƙo a kwana huɗu.
Na Zakka ya fito a karkace, kamar mai shi.
Dinatu shayi ta ba nata, duk da haka ya yi.
Na Kefas shiru.

Ranar Laraba na kama shi.
Lokacin tara ne, kowa na waje,
ya sa yatsa ya tono waken,
ya juya shi, ya hura masa iska, ya mayar.
Ashe kullum haka yake yi.

Na durƙusa, na ce, "Kefas, bar shi.
Aikin da ake yi cikin duhu ba namu ba ne.
Namu ruwa, namu jira."
Maganar na fita, ta juyo ta doke ni a ƙirji.
Wata bakwai ina tonon yaron nan
in ga ko ya yi saiwa.

Muka sa sabon wake.
Shi ya riƙe yatsansa, ni na riƙe bakina.

Makon ne na ba su labarin kabari,
da dutsen da aka mirgine,
da matan da suka yi sammako da kayan ƙanshi.
Zakka ya tambaya ko dutsen ya kai Kilang.
Kefas yana tsinkar bakin tabarma.

Juma'a muka rufe, har Litinin,
Baba Lamela mai gadi ya ce zai riƙa ba su ruwa.

Talata da safe, ina rubuta kwanan wata,
aka ja mini zane ta baya.
Ya kai ni har taga.
Ga wani ɗan kore, wuya a lanƙwashe,
ɓawo a ka kamar hular da ta yi masa kaɗan.
Sai murya, a dishe,
irin ta ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba:
"Malama. Ya tashi."

Na sani, "ya tsiro" ake cewa.
Alli na hannuna, gyara kuma aikina ne.
Ban gyara ba.
Na ce, "Hakika, ya tashi."

Sai ya sake ni ya ruga waje da ihu,
Keziya ta ɗauke masa kunu.