Aron Huhu

Shekara talatin da ɗaya da numfashi nake cin abinci.
A Nový Bor, a bakin tanderu,
in ɗebo narkakken gilashi a kan bututun ƙarfe,
in hura, in juya, in hura,
sai ga tulu, sai ga kofi, sai ga kan fitila.
Iska ce jarina, ban taɓa ƙirga ta ba.

Sai mura ta shigo da sanyin Janairu,
ta sauka ƙirji ta miƙe ƙafa.
Abin da na tuna na ƙarshe
takalmin Zdislava ne a bakin ƙofa, ɗaya a kife,
da jiniyar motar da ta nufi Praha da ni.

Kwana ashirin da uku ba na cikin jikina.
An ce bututu ɗaya a cinya, ɗaya a wuya,
jinina ya fita baƙi, ya zaga cikin na'ura,
ya sha iska a can, ya dawo ja wur.
Ni dai kifaye na gani suna yawo a silin,
da mahaifina, da ya rasu tun ina saurayi,
yana tambayata ina na ajiye almakashinsa.

Yau wata goma sha huɗu.
Matakalar gidanmu taki goma sha shida ce,
a na tara Zdislava ta ajiye kujera,
wai don tukunyar fure.
Babu fure. Ni nake zama.

Tafin ƙafar hagu har yau bai dawo ba.
Murya kamar an goge ta da yashi.
Jiya na nemi sunan cokali na rasa.
Da dare, in firji ya soma gurnani,
sai in farka ina laluben wuyana,
in taɓa tabon, in ja iska, in saurara:
wannan numfashin nawa ne,
wannan ma nawa ne.

Ita ma ba ta warke ba.
Takan ɗora tafi a bayana cikin duhu,
tana jiran ya ɗaga.
Ta ɗauka barci nake.

Likita Vondrušková ta miƙo takarda:
daga sifiri zuwa ɗari, nawa za ka ba lafiyarka?
Na riƙe biro har ta duba agogo.
Ran Talata na ɗaure igiyar takalmi ban huta ba,
a ce tamanin.
Ran Laraba jikata ta miƙo hannuwa in ɗaga ta,
na ce mata bayana ke ciwo.
Wannan kuma a wane gurbi zan sa shi?
Na rubuta sittin.

A kanti ana cewa, ka auna arziki, Květoslav.
Na sani.
Mai gadon da ke dama da ni, direban jirgin ƙasa,
ba ta ƙofar da na fito aka fito da shi ba.
Godiya na nan, haki na nan,
a ƙirji ɗaya suke kwana.

Yanzu Radomír ke hurawa,
ni ina kan benci ina faɗa:
juya, yaro, kada ka bar shi ya zubo.
Ran Juma'a, bayan an tashi,
ya ɗebo ɗan kaɗan ya miƙo mini, bai ce komai ba.
Na hura. Idona ya yi duhu.
Na jira. Na sake.

Abin da ya fito bai kai ƙwan agwagwa ba,
a karkace, gefe ɗaya ya fi kauri.
Da can da tuni na jefa shi cikin fasassu.
Yana kan taga, kusa da kwalaben magani.
Zdislava ta ce, mene ne wannan?
Na ce ban sani ba,
ki dai riƙe shi a hankali in za ki goge wurin.