E Ko A'a

Sammaci ya same ni da allura a hannu,
wani yaro na tsala ihu a kan benci.
Na ce wa ɗan aike ya aje bisa tebur,
ya ce a'a, sai na sa hannu.

Shekara ashirin da biyu ina duba gidan Ma'azu majemi,
can cikin Birni, bayan dutsen da awaki ke hawa.
Ni na ɗinke goshin Mutari ran da ya faɗo daga katanga,
ɗinki bakwai, tabon na nan har gobe.
Ni na kwana a kan Fasuma shekarar sanƙarau,
uwarsu na jan carbi, idonta a bakina.
Yau ga su, shi a dama, ita a hagu,
tsakaninsu garkar Mirya
da babban yatsan mamaci bisa takarda,
shuɗi, ya ɗan zame ta gefe.

Fanka na juyi, ba ta kawo iska.
Alƙali ya ce in ɗaga hannu, na ɗaga.
Hannun da ya saba laluben jijiya
ya tsaya a sama, ba abin kamawa.

Dakta Kyari, in ji shi, tambaya ɗaya ce:
ran da tsohon ya dangwala,
yana cikin hankalinsa? E ko a'a.

Na buɗe karnensa mai warin bagaruwa.
Ranka ya daɗe, na gan shi da hantsi ranar.
Hawan jini sha bakwai bisa goma,
ƙafa ta kumbura, sukari da sauƙi.
Ya kira ni Laminu, sunan ƙanensa
da ya rasu tun ina ɗan makaranta,
ya tambaye ni ko na jiƙa fatun jiya.
Sannan ya miƙo jaka biyar ta magani,
na ba shi canji, ya ƙirga a tafi,
ya ce saura dala ashirin.
Na sake ƙirgawa.
Saura dala ashirin.

Lauyan Mutari ya miƙe: kun ji, bai san likitansa ba!
Lauyar Fasuma ta miƙe: kun ji, ya kama likita da lissafi!
Kowa ya zare tsokar da ta yi masa,
aka bar ni riƙe da tsinke.

Hankalin tsoho ruwan pampon Damagaram ne,
ya zo tsakar dare, ya ɗauke kafin kiran salla,
wanda ke farke kusa da shi ne ke tara.
Ban faɗi haka ba, ba a rubuta irin wannan.
Na ce yana zuwa, yana tafiya.
Da ƙarfe nawa ya zo? in ji alƙali.
Na ce da la'asar aka dangwala, ni kuwa da la'asar
ina Karkada wajen mai naƙuda.
Magatakarda ya ɗaga biro yana jiran saura.
Babu saura.

Akwai dai wata magana da ya taɓa yi mini
ina sauraren ƙirjinsa, ya riƙe mini wuyan riga.
Ba ta cikin karne.
Ba a tambaye ni ba.
Kuma ban san da wa yake magana ba,
da ni ko da Laminu.

Aka ɗage zama zuwa bayan salla.
Fasuma ta wuce ni, ta ja mayafi.
Na tsaya Kasuwar Dole na sayi albasa,
na manta ta a wurin mai babur.

Bayan magariba aka buga ƙofar asibitina.
Mutari ne, ba sallama,
'yarsa a kafaɗa, jiki kamar gindin murhu.
Bai dube ni ba, bango ya duba.
Na sa mata ma'auni a hammata, muka yi shiru,
mu biyu, muna jiran gilashi ya yi magana.

Talatin da tara da rabi.
Zazzaɓi ne? ya ce.
Na ce e.