Kati Mai Suna Biyu

Takarda ta zo ranar Talata,
ta iske ni ina kankare ƙanƙara a bakin ƙofa.
Wai wa'adin kati ya cika:
dala sittin da biyar, in ina so in ci gaba da shiga
wancan rumbun na bayan gari
inda ake sayar da shinkafa kamar za a ciyar da bataliya.

Na juya ambulan, na ɗauko fensir.
Ni Arlo Penttila, shekara talatin ina awon tama
a tashar jiragen ruwa ta Duluth,
lissafi bai taɓa kai ni ƙasa ba.

Man mota akwai rangwame,
amma ina nake zuwa? Asibiti, coci, maƙabarta.
Ƙwai dozin biyar a kwali guda,
ni kuwa biyu nake soyawa, ran Lahadi uku.
Gahawa, to, nan na ci riba, na yarda.
Latas shida a leda,
huɗu sun narke a firji, sun koma koren ruwa.
Ido ba mudu ba, ya san kima:
rabin arahar nan bola ke cinye ta.

Da yara na gida ba a wannan tambayar.
Kirsti da tagwaye, baki biyar a tebur.
Verna na tura amalanke kamar mai tuƙa tirela,
ina biye da takardar cefanen da ba ta taɓa dubawa ba.
Mu shiga don madara,
mu fito da tayoyi huɗu, da tsani, da gasasshiyar kaza.
In na yi gunaguni ta ce,
"Ba kashewa muka yi ba, Arlo, tanadi ne."

Tanadinta na nan a ɗakin ƙasa.
Kwalbar zuma mai girman kan jariri.
Garin sabulun da ta saya a watan Maris,
ta rasu a watan Yuni,
shekara biyu ina ɗiba, bai kai rabi ba.
Ban san kaya na jiran mai su haka ba.

Kirsti ta bugo daga Tucson:
"Baba, soke shi. Kai kaɗai ne fa."
Gaskiya ta faɗa.
Ita gaskiya dama ba ta iya sallama ba.

Ga abin da fensir ya ƙi rubutawa:
in Janairu ya daskarar da bakin tafki,
iska na yankan kunne,
can kaɗai nake taka mil guda ba tsoron santsi,
daga layin katifu zuwa layin gwangwani.
Loretta mai rabon ɗanɗano a lungun cuku
takan ba ni biyu, ta tambayi gwiwata.
Nawa zan sa wa wannan?

Sai ga maƙwabciyata, Pahoua Vang,
'ya'ya shida, miji na aikin dare da motar gidan.
Ta ga ambulan a hannuna, ta karanta fuskata.
"Kana da kati da mota, ina da bakuna.
Alhamis mu tafi tare."
Latas huɗu nata, biyu nawa.
Ƙwai ta bar mini dozin ɗaya.
Ta dage sai ta biya rabi,
muka yi ta ja-in-ja a kan rabin dala
har ƙaramin ɗanta ya yi barci a tsaye.

Ya biya kuɗinsa? A takarda
har yanzu faɗuwar dala tara nake.

Ran Alhamis yarinyar kanta ta dubi allo:
"Akwai suna na biyu a nan. Verna.
In goge?"
Layi ya yi tsawo a bayana,
Pahoua na riƙe da amalanke, ta kau da kai.

Na ce, "Bar shi, 'yata.
Sabulunta bai ƙare ba tukuna."